Dokar Ruwa: Rijiyarmu Za A Ƙwace Ko Kuɗin Burtsatse Za A Kawo Mana?

Ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa baffana ya jefo min tambaya, ya ce "Kai ɗan boko, wai da gaske ne gwamnati za ta yi dokar da in mutum zai haƙa rijiya a tsakar gidansa sai ya je Abuja ya karɓo takarda?" Kafin in buɗe baki wani ya karɓe ya ce a'a shi ba haka ya ji ba, a odiyon da aka turo masa a WhatsApp cewa aka yi doka ce za a yi wadda za ta sa a dinga turo wa kowane ƙauye kuɗin burtsatse kai tsaye, ba ruwan ciyaman ba ruwan kansila. Nan fa musu ya kaure har la'asar, kowa na rantsuwa.

To gaskiya dukkansu sun ɗan taɓo wani abu, amma kowa ya kama jela ne ya ce ita ce raƙumin. Ni dai shekara huɗu ina riƙe da littafin kwamitin ruwa na ƙauyenmu a nan kudancin Jigawa, kuma na ɗan bi maganar nan tun ana cacar baki a kanta a rediyo, shi ya sa na ce bari in zauna in warware abin da na fahimta.

Kudiri daban, doka daban

Farko dai abin da ake ta magana a kansa kudiri ne, ba doka ba. Kudiri takarda ce da ake kai wa majalisa, a yi mata karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti ya zauna ya ji ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, majalisar wakilai da ta dattawa duk su amince, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. Kafin nan ko sisi ba za ta fitar ba, kuma ba za ta hana kowa haƙa ko da masai ba.

Wannan ɗin sunansa Kudirin Dokar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa, gwamnatin Buhari ce ta kawo shi lokacin ɗan Jigawa ne ma ministan ruwa, Injiniya Suleiman Adamu na Kazaure, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 2015 zuwa 2023. A 2018 ya maƙale a majalisar dattawa. A 2020 aka dawo da shi majalisar wakilai, aka yi ta hayaniya har aka janye shi a kan cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen sake shigo da shi. A 2022 Sada Soli ɗan majalisa daga Katsina ya sake gabatar da shi, sai kuma a watan Yunin 2023, ana saura kwanaki majalisa ta tara ta tashi, dattawa suka yi watsi da shi. Kaga kenan sau uku yana tashi yana faɗuwa, kuma duk wanda zai dawo da shi sai ya faro daga tushe.

Abin da kudirin ya so yi shi ne ya tattara tsofaffin dokokin ruwa guda huɗu wuri ɗaya, cikinsu har da ta 1993 da sojoji suka yi da kuma dokar hukumomin raya koguna irin ta Haɗeja-Jama'are da ke da hedikwata a Kano. Sannan ya kafa hukumar da za ta dinga ba da lasisi, sannan a can ciki, inda kusan ba wanda ya tsaya ya karanta, akwai maganar kafa asusu na musamman don ruwan sha da tsafta. Wannan na ƙarshen shi ne ya shafe mu, shi ne kuma ƙura ta binne.

Wai ruwan ma na waye?

Nan ne asalin rigimar. Kundin tsarin mulki ya ba tarayya iko a kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, dokar filaye ta 1978 kuma ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni. To gaɓar kogi fa, ruwa ce ko ƙasa? Ruwan da ke kwance a ƙarƙashin gonarka wanda bai san iyakar Jigawa da Yobe ba fa?

'Yan kudu da 'yan tsakiyar ƙasa, irin su Wole Soyinka da Samuel Ortom lokacin yana gwamnan Binuwai, suka ce ai wannan dabara ce ta ƙwace bakin koguna a miƙa wa makiyaya, wato RUGA, shirin tsugunar da makiyaya na gwamnatin tarayya, ce aka sauya wa riga. Gwamnoni da yawa ma ba su so ba, don ba gwamnan da zai so a rage masa iko a kan fili. Masu goyon baya kuma suka ce ba wani sabon iko aka ƙirƙiro ba, yawancin abin da ake kuka a kansa yana nan cikin dokar 1993 tuntuni.

Mu nan bai kamata a yi mana dogon bayani a kan amfanin a samu mai raba gardama ba. An gama dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Baƙo, an gama na Challawa a Ƙaraye a 1992, duk a Kano suke, amma wa ke kwana da ido ɗaya in damina ta yi nisa? Mutanen Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja ne da ruwan ke gangaro wa ta kogin Haɗeja, kowa ya ga ambaliyar 2022. In kuma ka gangara Nguru da Gashuwa kukansu daban, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya yi yawa wani wuri ya ƙafe. Kogi ɗaya, jiha uku, kowa da nasa kukan. Don haka ni ban ga laifin a ce akwai doka a kai ba, amma kuma ban ga laifin wanda ya ji tsoro ba, don ƙasar nan ta koya wa kowa cewa in Abuja ta ce kawo in riƙe maka to ka ƙirga yatsunka.

Maganar baffa kuwa gajeriya ce. Kudirin ya ware ruwan amfanin gida da shayar da dabbobi da ɗan ban-ruwan da mutum zai yi don cin gidansa, ya ce waɗannan ba sa buƙatar lasisi. Masu sana'ar haƙa burtsatse da kamfanoni masu jan ruwa da yawa su ne abin ya fi shafa. Sai dai in an ɗora wa mai injin haƙa kuɗin lasisi ai ba daga aljihunsa zai biya ba, a kanmu zai fanshe, wannan kam ba sai an yi duba ba.

Kuɗin suna nan, ƙofar ce ƙunci

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ba wai babu kuɗin ruwa ba ne kwata-kwata. A 2016 an ƙaddamar da shirin PEWASH na ruwan karkara wanda tarayya da jihohi ke haɗa hannu. A watan Nuwamban 2018 Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ruwa da tsafta mai suna SURWASH, aka fara da jiha bakwai, Kaduna, Katsina, Gombe, Filato, Delta, Ekiti da Imo. Ga ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, ga UNICEF, ga ƙungiyoyin Larabawa masu haƙa rijiya su manna allo. Amma duk da haka binciken gwamnati kan ruwa da tsafta mai suna WASHNORM na 2021 ya nuna wajen kashi 67 cikin 100 ne kawai na 'yan Najeriya ke samun ruwan sha na matakin farko, wato mutum ɗaya cikin uku yana waje, kuma ba sai na faɗa maka a ina yawancinsu suke zaune ba.

Me ya sa? Saboda kusan duk kuɗin nan da sharaɗi suke zuwa, kuma sharaɗin mai ƙarfi ne ke iya cika shi. Na farko shi ne ka kawo naka in kawo nawa. Duk wanda ya san harkar UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ya san wannan karatun, dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin firamare da ƙaramar sakandare, amma sai jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta kafin ta ɗauka, shi ya sa za ka ji biliyoyi na kwance a Abuja yara na zaune a ƙasa. Shi kuma SURWASH yawancinsa sai ka yi aiki an zo an gani da ido sannan a biya ka, kuma bashi ne ba kyauta ba. A takarda tsari ne mai kyau don yana rage sata, amma ka duba, wanda yake da abin farawa shi zai fara, mai shi ake ƙara wa.

Na biyu takarda. Wallahi wannan sai wanda ya taɓa. Shekarar da rijiyarmu ta tsakiyar gari ta fara ƙafewa tun watan Maris muka ce bari mu nemi burtsatse mai sola, aka ce mu rubuto. Na rubuta da hannu a fallen littafi, mai unguwa ya dangwala, dagaci ya buga hatimi, na hau mashin na kai wani ofis. Aka ce ba haka ake yi ba sai an buga a kwamfuta. Na je kasuwa aka buga min. Na dawo aka ce ina shaidar rajistar ƙungiyarku, ina lambar asusun banki, ina ƙiyasin kuɗin aiki daga injiniya, ina rahoton masu awon ƙasa da zai nuna akwai ruwa a wurin. Na ce ranka ya daɗe ai in muna da kuɗin ɗauko mai awo da injiniya da ba mu zo nan ba. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba gaskiya, ya ce shi ma haka aka ba shi a rubuce. Zuwa na biyar aka ce fayil ɗin ba a gan shi ba. A wannan shekarar wani gari da ke bakin titi, wanda dama suna da famfo uku masu aiki, aka ƙara musu tanki mai sola, don suna da ɗa a ma'aikata wanda ya san yadda ake cike fom da kuma ranar da ake rufewa. Ban ce sun yi sata ba, haƙƙinsu ne su ma, amma kaga yadda abin yake tafiya.

Na uku kuma baki. Aikin mazaɓa inda akwatin zaɓe ya yi nauyi yake zuwa. Unguwa mai gida talatin a bayan dutse ko rugar Fulani, wa zai ɓata burtsatse a kansu?

To duk wata doka da za a ce an yi ta don marasa galihu, in ba ta taɓa waɗannan ƙofofi ba, sunan kawai ta ara. Asusu kaɗai ba ya isa, don in an zuba kuɗi a sabon asusu aka bar tsofaffin sharuɗɗa, waɗanda suka saba ɗiba su za su sake ɗiba.

Su waye ma marasa galihun?

Wannan tambayar kamar wasa amma a nan ake cin kasuwar. In doka ta ce "yankunan karkara" ta yi shiru, to Jigawa mai ƙananan hukumomi 27 da Kano mai 44 kusan ko'ina sai ya ce shi karkara ne, har unguwar da ke da kwalta da taransifoma. In aka ce a auna da jiha, sai a ce ai Jigawa ta yi gaba, tunda ita ce jihar farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a watan Oktoban 2022 kuma ana yawan yabonta a kan ruwan karkara, sai ƙauyen da ke shan kududdufi ya ɓace a cikin yabon da ake yi wa jiharsa.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon kan ba. A Amurka ma, da duk arzikinta, an ga abin da ya faru a garin Flint daga 2014 inda dalma ta shiga ruwan famfo, da Jackson a 2022 inda mutane suka yi kwanaki ba ruwan sha, duka kuma garuruwan talakawa ne baƙaƙen fata. A dokar manyan ayyuka da Biden ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 an ware sama da dala biliyan 50 don ruwa, aka ce kashi 49 cikin 100 na wani babban kaso a ba al'ummomi marasa ƙarfi a matsayin kyauta ko bashin da za a yafe. Amma sai aka bar wa kowace jiha ta faɗi wa take kira mara ƙarfi, kuma ƙananan garuruwa suka yi ta kukan ba su da ma'aikatan da za su rubuta takardun nema, har sai da gwamnati ta dinga tura masu taya su rubutawa. Da na karanta wannan sai da na tuna fayil ɗina.

A ganina ma'aunin da zai yi mana adalci a matakin ƙauye ya kamata ya tsaya, kuma da abin da ido ke gani: minti nawa mace ko yarinya ke yi zuwa da dawowa da layi, mutum nawa ke kan famfo ɗaya, wata nawa a shekara ruwan ke ɗaukewa. Sannan a sa yanayin ƙasa a lissafi. Mu nan ɓangaren Dutse da Birnin Kudu da Gwaram, haka ma Kazaure da yawancin Kano, dutse ne a ƙarƙashinmu, sai an dace da tsaga ake samun ruwa, ana iya haƙa rami biyu a tashi a tutar babu. Can wajen Haɗeja kuwa rairayi ne, samun ruwan ya fi sauƙi. In doka ta yanke kuɗi ɗaya ga kowace burtsatse to ɗan kwangila zai gudu daga kan dutse ne ya tafi inda zai gama da wuri, ko kuma ya haƙa rabi ya sa kan famfo a ɗau hoto, damina na wucewa ya fara tarin iska.

Haƙawa ba ita ce wahalar ba

Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga gawarwakin famfo, wani an ɗaure akuya a jikinsa wani yara sun mai da shi lilo. Yawancinsu ba ruwan ne ya ƙare ba, roba ce ta cinye ko sanda ta tsinke ko sumo ya ƙone ko an sace faifan sola. Namu na tuƙa-tuƙa da ke bakin makaranta in ya fara lalacewa ni nake fara sani, don tun asuba zan ji ƙarar hannun ta canza, maimakon ya yi nauyi sai ya dinga faɗuwa fayau, yarinya ta tuƙa sau arba'in kafin ya tofo. Daga nan sai in ɗauko littafi mu bi gida-gida karo-karo, wani ya ba da ɗari biyu wani ya ce sai ran kasuwa, wata tsohuwa ta taɓa ba mu kwanon gero ta ce a sayar. Kafin kuɗin su haɗu a kira makaniki a ciro sanduna an yi sati biyu, a sati biyun nan kowa ya koma tafki.

Kasafin gwamnati kuwa sabo yake so, don sabo ake yanka wa kirtani a kira 'yan jarida, ba wanda ke ƙaddamar da canjin roba. Shi ya sa in da za a tambaye ni abu ɗaya da zan sa a dokar, cewa zan yi a ware wani kaso da ba za a taɓa shi ba sai don gyara da horar da makanikai na cikin gari da ajiye kayan gyara a kusa. Wasu za su ce ai wannan aikin ƙaramar hukuma ne, balle tun hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a dinga ba su kuɗinsu kai tsaye. Haka ne a takarda. Mu dai muna nan muna sauraro.

In an yi me za mu gani, in ba a yi ba fa?

In aka yi dokar da ta sassauta kason da ake nema daga wurare marasa ƙarfi, ta sa RUWASA, hukumar ruwan karkara ta jiha, ta fito da kanta ta yi awo ta cike takardun maimakon ta jira a kawo mata, ta kuma wajabta a manna jerin garuruwan da aka zaɓa da dalilin zaɓensu a bangon sakatariya, to talaka zai gani a jikinsa. Zai gani a kuɗin jarka da 'yan ga-ruwa suka ƙara tun da aka cire tallafin fetur a 2023 masu burtsatsen janareta suka ƙara nasu. Zai gani a makaranta, don 'ya'ya mata ne ke rasa darasin safe a layin famfo. Zai gani a asibiti, kowa ya tuna amai da gudawa na 2021 da ya kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar nan ya kashe fiye da 3,000, kuma Jigawa da Kano da Bauchi suna cikin inda ya fi ɓarna.

Amma kar a yi mana daɗin baki, akwai inda zai iya cizo. Sabon asusu yana nufin sabuwar hukuma, da shugabanta da motocinta da tarukanta a otal, kuma mun sha ganin yadda gammo ke fin kaya nauyi. In bashi aka ciyo to jiha ce za ta biya, wato mu. Sannan yawancin shirye-shiryen nan na zamani suna zuwa da maganar a dinga biyan kuɗin ruwa don aikin ya ɗore, ni ban ƙi ba tunda dama muna biya ta hanyar karo-karo, amma wa zai yanke farashin, kuma me za a yi da gwauruwar da ba ta da ko naira hamsin ranar?

In kuma ba a yi ba, ba abin da zai tsaya, za a ci gaba da haƙawa yadda aka saba, wanda ya san wani ya samu. Jiha ma fa tana iya yin tata dokar ba sai ta jira Abuja ba, tunda ruwan sha na gari da ƙauye dama a hannun jihohi da ƙananan hukumomi yake, kuma majalisar Dutse ko ta Kano ta fi mana kusa, ɗan majalisarmu muna ganinsa a wurin ɗaurin aure da jana'iza. Rigimar RUGA da gaɓar kogi ba ta shafi wannan ba ko kaɗan, haɗa su da aka yi a buhu ɗaya ne ya sa asusun ya nutse tare da sauran.

Da na gama wannan dogon bayani a gindin darbejiya baffa ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce "To yanzu dai rijiyata ba mai taɓa ta?" Na ce babu, Baffa. Ya ce "Burtsatsen fa?" Na ce wannan kam sai mun sake rubutawa. Mai unguwa ya ce in buga sabuwa a kwamfuta ranar kasuwa, amma wannan karon in yi kwafi uku, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin dagaci, kuma kar in baro ofishin sai an buga min hatimin karɓa a kan tawa.